Liba ko Maɓalli: Gaskiyar Magana Kan Ogzilarin Tsofaffin Motoci Masu Ja da Taya Huɗu

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, hanyoyin ƙauyukan Kachia, Kauru, Giwa da Birnin Gwari sukan tona asirin motoci da yawa. Motar da ta shekara tana zirga-zirga a kan kwalta tsakanin Kawo da Barnawa, ba a taɓa neman tayoyinta na gaba su ja ba, sai ranar da ta kafe a taɓo mai ita zai san ko ogzilarinta, wato akwatin da ke sa tayoyi huɗu su ja, na da rai. Wani zai miƙa hannu ya ja 'yar gajeriyar libar nan da ke gefen libar giya, ya ji ta shiga, ya ba ta wuta ta fita. Wani kuma zai danna maɓalli ko ya murɗa makunni, fitila ta yi ta ƙiftawa a dashbod, tayoyin baya na ta watsa laka, na gaba ko gezau. Daga nan gardamar da ake yi a garejojin Kaduna ta samo asali, har wasu kanikawan suka yanke hukunci cewa duk ogzilari mai maɓalli matacce ne tun daga kamfani.

Ni ma ina bayan liba idan ana maganar tsohuwar mota mai shiga daji. Amma hukuncin nan na kanikawa ya yi tsauri, kuma yana sa mutane asarar kuɗi ta hanya biyu: wasu su guji mota mai kyau saboda tana da maɓalli, wasu su rungumi mota mai liba da zaton babu waya ko tiyo a lamarinta, alhali akwai.

Akwatin ogzilari ƙaramin giyabos ne da ke manne a bayan babban giyabos. Ƙarfin inji yana shiga masa ta gaba, shi kuma ya raba shi gida biyu: farfela ɗaya ta tafi aksil ɗin baya, ɗaya ta juyo zuwa na gaba. A 2H tayoyin baya kaɗai ke ja. A 4H an ƙulle farfelar gaba da ta baya suna juyawa tare. A 4L kuma, bayan ƙullewar, ƙarfin yana bi ta wasu haƙoran giya da ke rage gudu su ninka ja. A tsofaffin Hilux masu akwatin haƙora zalla ragin ya kai 2.28, a na baya-bayansu masu sarƙa kimanin 2.57, a akwatunan New Process 231 da 241 na motocin Amurka kuwa 2.72. Ma'ana, a giya ɗaya, injin zai juya sau biyu da wani abu kafin tayoyi su ci tazarar da suke ci a 4H. Shi ya sa akori-kura ɗauke da buhunan masara take rarrafawa ta hau gangaren rafi a 4L ba tare da an ƙona kuloci ba.

Akwai abu guda da ya shafi kowane iri, mai liba da mai maɓalli, wanda kuma shi ya fi lalata akwatunan nan a cikin gari. Yawancinsu ba su da difarenshiyal a tsakiya, wato haƙoran da ke barin tayoyin gaba da na baya su juya a gudu daban-daban. Idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba suna bin da'ira mafi faɗi fiye da na baya, don haka suna bukatar su ɗan fi su juyawa. A kan laka ko yashi taya takan ɗan zame, bambancin ya fita. A kan busasshiyar kwalta babu inda zai fita, sai ya taru a farfela, sarƙa da haƙora. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, mota tana tsalle-tsalle a kwana, liba ta ƙi fita. Wanda ya fito daga gona ya hau titin Kachia bai cire 4H ba, shi ke miƙar da sarƙarsa da hannunsa. Yawancin Land Cruiser 80 da Prado, da kuma Pajero mai tsarin Super Select, lamarinsu daban ne, domin suna da difarenshiyal na tsakiya, suna iya tafiya da taya huɗu a kan kwalta muddin ba a ƙulle shi ba.

To ina bambancin yake? Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a motoci da dama cikin akwatin kusan ɗaya ne. Ford ta sa akwatin BorgWarner 1356 a F-150 da Bronco, akwai mai liba akwai mai lantarki. Haka 1354 na Ranger da Explorer. A manyan Super Duty da suka fara fitowa a 1999, mai liba shi ne NV271, mai makunni NV273, kuma ragin 4L ɗinsu ɗaya ne. Sarƙar, haƙoran, da ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke tura giya ta shiga, duk dangi ɗaya ne. Abin da ya bambanta kawai shi ne wanda ke tura ƙarfen: hannun direba, ko wani ɗan moton lantarki da aka ɗaure a jikin akwatin. Saboda haka idan aka ce maka mai liba ya fi ƙarfin ja, ko ya fi jure lodi, ba lallai ba ne. Ƙarfin ja yana cikin haƙora, ba ya cikin liba.

Inda liba ta yi zarra shi ne gajartar hanya. Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike. A tsohuwar Hilux, Nissan Hardbody ko Land Cruiser 70, wadda Toyota ke ƙerawa tun 1984, tazarar da ke tsakanin liba da akwatin gajeriya ce. A wasu motocin Amurka akwai 'yan sanduna da gaɓoɓi a tsakani, amma duk ƙarfe ne da ido ke gani. Hannunka yana jin abin da ke faruwa: idan haƙora ba su daidaita ba za ka ji turjiya, ka saki birki mota ta ɗan gangara, ka sake turawa ta shige. Idan ta lalace ma, lalacewar ba ta da ɓoyo. Ko dai tsatsa da busasshiyar laka sun kama gaɓoɓin, ko roba ta cinye liba tana lilo, ko ledar da ke rufe gindinta ta yage ƙura ta shiga. Kananzir, giris da sifana sukan magance rabin waɗannan, kuma duk bakaniken da ke bakin hanya a Saminaka ko Kafanchan zai iya.

Mai maɓalli kuwa aike ne, kuma saƙon yana bi ta hannu da yawa. Ka danna, makunnin ya sanar da ɗan birenbos ɗin ogzilari. Shi kuma ba zai motsa ba sai ya tambayi sensar gudu ko motar tana cikin saurin da aka yarda, kuma idan 4L kake nema, sai ya tabbatar giya tana firi, ko ƙafarka na kan kuloci, a wasu motocin har da birki. Idan ya gamsu sai ya ba ɗan moton wuta, moton ya juya wata sanda, sandar ta tura ƙarfen mai yatsu. Bayan haka akwai wata sensa a cikin moton da ke dawo da labarin inda sandar ta tsaya. Duk wanda ya yi shiru a cikin waɗannan, aikin ya tsaya, fitila ta kama ƙiftawa. Kuma fitilar ba za ta gaya maka wanne ne ya yi shirun ba.

Yanzu ka dubi inda aka ajiye ɗan moton nan. Yana ƙarƙashin mota, kusa da salansa, a daidai inda ruwan kwata da laka ke duka. Wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana buɗe irin wannan moton na motar da ta haura shekara ashirin ya san abin da ake tararwa: ana cire murfin sai wani jan ruwa mai tsatsa ya tsiyayo, giris ɗin ciki ya daskare ya zama dunƙule, 'yan ƙarafan soket sun yi kore, zanen tagullar da sensa ke gogawa a kai ya dushe. Motar ta sha gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen sanyi kafin ta shigo ta Kwatano ko Legas, ta zo nan ta sha ƙurar hunturu da ruwan damina, ga masu wankin mota da ke harba ruwa da injin feshi kai tsaye cikin soket. Sai ka haɗa da wayoyin da masu wayarin daban-daban suka yanka suka ɗaure da salatif, da ɓeraye idan motar tana kwana kusa da rumbu, da batir mai rauni. Ba ƙirar ce ta gaza ba. An ƙera ta ne don motar da ke da shekara biyar ko goma a hannun mai zuwa sabis kan lokaci, mu kuma muna karɓarta bayan ta gama wancan zangon.

Abin da ya fi kashe moton nan, a ganina, rashin aiki ne. Alhajin da ya sayi jif don zuwa ofis da ɗaurin aure zai iya shekara biyu bai taɓa makunnin ba. A tsawon lokacin burushin moton yana zaune wuri ɗaya, danshi yana aikinsa. Ranar da za a je gaisuwa ƙauye a tsakiyar damina sai a murɗa, shiru. Akwai dabarar da kanikawa ke yi a irin wannan hali: yaro ya shiga ƙarƙashi ya riƙa ɗan bubbuga jikin moton da gindin sifana, oga yana ciki yana dannawa. Sau da yawa sai ka ji ya yi gurnani ya juya. Wannan ba gyara ba ne, shaida ce kawai cewa laifin na moton ne, akwatin lafiyarsa ƙalau. A wasu akwatunan BorgWarner na Ford ma, idan ta ɓaci a daji, ana iya kwance moton gaba ɗaya a kama kan sandar da filaya a juya ta zuwa 4H ko 4L da hannu. Direban da ke tuƙa irin waɗannan ya kamata ya sa a nuna masa wurin tun yana gareji, kafin ranar bukata.

Sai dai duk wannan rabin labari ne, kuma a nan masu yabon liba suke yin tuntuɓe. Akwatin ogzilari yana iya shiga daidai, farfelar gaba tana juyawa, amma tayoyin gaba ba sa ja. Dalili kuwa, kamfanoni sun daɗe suna raba tayoyin gaba da aksil ɗinsu a lokacin 2H don rage shan mai da cin ƙarfe, kuma dole akwai abin da zai sake haɗa su. A tsohon tsari abin yana cibiyar tayar gaba: wani ɗan murfi mai rubutun FREE da LOCK, irin na kamfanin Aisin da ke kan tsofaffin Toyota, wanda direba zai sauka ya murɗa da yatsunsa. Wahala ce, musamman idan ka riga ka kafe laka ta kai gwiwa, shi ya sa direban da ya san hanya yake murɗa su tun yana barin kwalta. Amma babu abin da ya kai su amana.

Daga baya aka zo da hanyoyin da za su hutar da direba sauka. Toyota ta kawo tsarin ADD, wanda ke raba sandar aksil ɗin gaba ɗaya ya kuma haɗa ta, da farko da iskar da inji ke zuƙa ta cikin siraran tiyo, daga baya da ɗan moton lantarki. Mitsubishi ma ta yi amfani da iskar zuƙa a aksil ɗin gaban Pajero da L200, kuma masu waɗannan motocin sun san fitilun nan na hoton tayoyi da ke ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Dodge Ram na tsakiyar shekarun 1990 haka, Super Duty masu makunni su ma cibiyoyinsu da iska suke aiki, ko da yake Ford ta bar musu wurin murɗawa zuwa LOCK da hannu idan iskar ta ƙi. Ka ga ke nan Hilux ɗin nan da aka fi sani da Vigo, wadda ta cika garin nan kafin sabuwar da ta fito a 2015 ta koma makunni, tana da liba a ƙasa, amma idan mai ADD ce, har yanzu akwai waya da moto tsakaninta da tayoyin gaba. Mai ita yana alfahari da liba, ranar da moton aksil ya sha ruwa zai zauna a laka daidai da mai maɓalli. Tiyon roba kuwa zafin Maris da Afrilu na Kaduna ba ya raga masa, yakan bushe ya tsage a bakin da ya shiga ƙarfe, tsagar da ido ba ya gani sai an lanƙwasa shi.

Don haka motar da za a ce ogzilarinta na hannu ne ɗari bisa ɗari ita ce mai liba da kuma makullan cibiya na murɗawa. Ita nake ba manomi, mai kai taki da ɗauko amfanin gona, da direban asibitin karkara shawarar ya nema. A wasu hanyoyin jihar nan tsayawa cikin daji da yamma ana neman mai wayarin ba ƙaramin lamari ba ne, kowa ya san dalili, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya fifita abin da zai iya gyarawa da sifana.

Mai maɓalli ma yana da nasa alherin, kuma ba jin daɗi kaɗai ba. Yana kare akwatin daga hannun da bai iya ba. Liba za ta bar yaron mota ya danna ta cikin 4L mota tana gudu, haƙora su yi ƙara su gutsure. Birenbos ba zai yarda ba, zai yi biris da kai har sai ka tsaya ka sa firi. A motar ma'aikata ko ta gida da direbobi da yawa ke karɓa-karɓa, wannan kariya ce ta gaske. Shiga 4H ana cikin tafiya kuwa ba na mai maɓalli kaɗai ba ne kamar yadda dillalai ke faɗa. Mai liba ma yana yi idan makullan cibiya suna LOCK ko motar tana da ADD, muddin ana kan miƙaƙƙiyar hanya kuma ba a wuce gudun da littafin motar ya ƙayyade ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake saurin yanke wa akwati hukuncin kisa. Fitila ta ƙifta, a ce "Alhaji, ogzilari ya tafi, sai dai a samo na Beljiyam a Panteka." A kashe maƙudan kuɗi a sauke lafiyayyen akwati a ɗora wani da ba a san tarihinsa ba, matsalar kuma tana nan, domin tun farko fiyus ne, ko wayar nagatif da ta saki a jikin shasi, ko makunnin da ke shaida cewa giya tana firi. Bakaniken kirki daga mai araha yake farawa. Zai duba fiyus da ƙarfin batir, ya sa kunne ya ji ko moton yana motsi idan an danna, ya zare soket ya wanke, ya gwada ko wuta tana isowa. Idan farfelar gaba tana kamawa amma tayoyi ba sa ja, ya san maganar ta koma aksil da tiyo. Buɗe cikin akwati shi ne na ƙarshe, kuma alamunsa daban ne: ƙarar ɓas-ɓas idan an taka wuta a 4H, wadda ke nuna sarƙa ta miƙe tana tsallake haƙora, ko giya tana fita da kanta, ko ɓarɓashin ƙarfe a cikin mai.

Man ma wani wurin asara ne. Ba kowane akwati ke shan man giya mai kauri ba. Na Toyota na da suna shan man giya irin 75W-90, amma yawancin akwatunan New Process da BorgWarner masu sarƙa man giyar otomatik suke sha, domin akwai ɗan famfo a ciki da ba ya iya jan mai kauri. NP246 na motocin Chevrolet da GMC, mai maɓallin Auto, nasa man na musamman ne saboda faifan kuloci da ke cikinsa. Kuma duk motar da ta ratsa ruwa mai zurfi a duba manta. Akwati mai zafi idan ya nutse a ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa, man ya koma fari-fari, daga nan sai boris su fara kuka. Tayoyi kuma su zama girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Sabbi biyu a gaba, sudaddu biyu a baya, ko lamba daban-daban, yana jawo irin taruwar ƙarfin nan ko a miƙaƙƙiyar hanya, har ogzilari ya ƙi fita. Idan ya ƙi, kada a yi kokawa da liba ko a yi ta danna maɓalli, a ɗan yi ribas na 'yan mitoci a miƙe, yawanci zai saki.

Masu tambayar ko za a iya mayar da mai maɓalli ya koma liba, ana yi, kuma Panteka ba ta rasa masu hannun yin sa ba. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a samo ɗan'uwan akwatin mai liba na irin motar, a tabbatar yawan haƙoran sandar da ke shiga giyabos ya yi daidai, tsawon farfela da wurin sensar gudu ma haka, sannan a huda ƙasan mota. A motocin da ba su taɓa fitowa da liba ba aikin yakan zama ƙirƙira da walda, ga birenbos da zai yi ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokacin har ya shafi ABS. Sau da yawa abin da ya fi riba shi ne a bar makunnin yadda yake, a sa lafiyayyen moto, a gyara wayoyin da kyau a rufe soket, sannan inda ƙirar motar ta ba da dama a canza cibiyoyin iska da makullan hannu.

Wanda kuma zai sayi tsohuwar mota, ko mai liba ko mai maɓalli, kada ya yarda da fitilar dashbod, domin a wasu motocin fitilar tana shaida cewa akwati ya shiga ne kawai, ba ta san halin da tayoyin gaba ke ciki ba. Ya ce wa dillali su sauka daga kwalta su sami fili mai ƙasa ko tsakuwa. A sa 4H, a karya sitiyari har ƙarshe, a tafi a hankali: idan gaba yana ja za a ji motar tana ɗan turjewa, tayoyi suna kartar ƙasa. A tsaya, a sa firi, a shiga 4L, a ga ko tafiyar ta koma rarrafe inji yana ɗaga murya. A koma 2H, a maimaita sau biyu ko uku, domin moton da ya fara gajiya yakan shiga a karon farko ya ƙi a na biyu. Daga nan a leƙa ƙarƙashi da tocila a tabbatar farfelar gaba tana nan, don akwai motocin da ake cire musu ita gaba ɗaya idan ta fara ƙara, a sayar wa wanda bai duba ba. Bayan an saya kuma, ko da motar ba ta barin cikin gari, a riƙa samun hanyar ƙasa sau ɗaya a wata a shiga 4H da 4L a yi 'yar tafiya, mai ya zagaya sarƙa, moton da makullan cibiya su motsa.